Yadda Ake Gwada Fokos da Ƙarfin Sabuwar Kyamara a Ƙarancin Haske Kafin a Shiga Daji da Ita

Yawancin namun daji sun fi motsi da ketowar alfijir da kuma almuru, daidai lokacin da haske ya yi ƙaranci. Saboda haka abu biyu ne ke raba kyamarar da ta dace da wannan aiki da wadda ba ta dace ba: ko tana iya kama idon dabba ta riƙe shi yayin da dabbar ke tafiya, da kuma ko hoton zai ci gaba da kyau idan aka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu. Lambobin da kamfani ya buga a jikin kwali a ɗakin gwaji aka auna su, da lensin da ba kowa ke ɗaukar tsuntsu da shi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin da ke ƙasa yana cin safiya ɗaya da yammaci biyu, kuma ya kamata ka yi shi tun wa'adin mayar da kaya bai ƙare ba.

Kayan da za ka tanada

- Kyamarar, tare da dogon lensin da za ka riƙa aiki da shi a daji, mai milimita 400 ko sama. Gwaji da ɗan gajeren lensin da ya zo cikin kwali ɓata lokaci ne, domin saurin fokos, wato daidaita lensi har abu ya fito tar, ya dogara sosai da injin cikin lensi.
- Batir biyu a cike. Wasu kyamarori suna rage yawan hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa idan caji ya yi ƙasa.
- Katin ajiya mai sauri: CFexpress idan kyamarar na da gurbinsa, ko SD mai alamar V90, wato wanda ba ya sauka ƙasa da megabayit 90 a daƙiƙa.
- Sanda mai ƙafa uku. Idan babu, ka cika ƙaramar jaka da yashi ka ɗora a kan teburi ko katanga, ka kwantar da lensin a kai.
- 'Yar tsanar dabba mai gashi da ido mai ƙyalli, gashin tsuntsu guda biyu ko uku, baƙi da fari, da doguwar rula ko tef ɗin awo.
- Mutum ɗaya da keke, ko kare mai son gudu.
- Littafi da biro.
- Kwamfuta mai manhajar kamfanin kyamarar: Digital Photo Professional ta Canon, NX Studio ta Nikon, Imaging Edge ta Sony, OM Workspace ta OM System. Kyauta ake sauke su, kuma suna nuna inda akwatin fokos ya tsaya a kowane hoto.

Idan tsohuwar kyamararka tana nan, ka taho da ita. Kowane gwaji ka yi shi da su biyun a jere, da lensi ɗaya idan zai yiwu.

Lissafi ɗaya da ba makawa sai ka iya

Masu hoto suna auna haske hawa-hawa: kowane hawa ninki biyu ne na na ƙasa da shi. Ma'aunin sunansa EV. Rana tsaka ba gajimare EV 15 ce. Hadari ya rufe ko rana na gab da faɗuwa, kimanin EV 12. Fili a daren farin wata, wajen EV -3.

Ba ka bukatar wata na'ura don sanin EV na wurin da kake. Ka ba kowane saiti lamba. Ƙofar haske, wato ramin cikin lensi da haske ke bi, wanda ke ƙara tsukewa idan lambar f ta ƙaru: f/2.8 ita ce 3, f/4 ita ce 4, f/5.6 ita ce 5, f/8 ita ce 6. Shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga: daƙiƙa ɗaya sifili, 1/2 ɗaya, 1/4 biyu, haka har 1/30 ta zama 5, 1/125 ta zama 7, 1/500 ta zama 9, 1/2000 ta zama 11. ISO: 100 sifili, 200 ɗaya, 400 biyu, 1600 huɗu, 6400 shida. Ka haɗa lambar ƙofa da ta shota, ka cire ta ISO. Hoton da ya fito daidai a f/5.6, 1/500, ISO 6400, a EV 8 aka ɗauke shi: biyar da tara sha huɗu, a cire shida. Duk abin da ka rubuta a littafinka, ka rubuta EV kusa da shi, in ba haka ba gobe ba za ka iya kwatanta komai da komai ba.

Mataki na 1: Shirya kyamara

Fara da sabunta manhajar cikin kyamara da ta lensi. Kamfanoni suna gyara fokos ta wannan hanya sosai. A 2019 Sony ta ƙara wa a7 III da a7R III gane idon dabba ta hanyar sabuntawa kawai, ba tare da an taɓa jikin kyamarar ba. Wanda ya yi gwaji da tsohuwar manhaja ya gwada kyamarar bara ne.

Sannan ka mayar da duk saituna yadda suka fito daga kamfani, ka gyara waɗannan: ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, fokos mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke kira AF-C, Canon kuma Servo, gane dabba ko tsuntsu a kunne, ɗan fitilar taimakon fokos a kashe, tunda haskensa ba ya kai mita goma kuma yana firgita dabba, tsarin tattalin batir a kashe. Ka daidaita agogon kyamara da na hannunka. Ka murza ɗan ƙaramin maɓallin da ke gefen maleƙa har rubutun ciki ya fito tar, don kada raunin idonka ya sa ka zargi lensi.

A jikin dogon lensi akwai makunnin da ke taƙaita nisan da fokos zai yi yawo. A bar shi a cikakke yanzu.

Doka ɗaya ce daga nan zuwa ƙarshe: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ka sauya faɗin akwatin fokos da saurin shota tare, sakamako ya gyaru, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Mataki na 2: Fokos a kan abin da ba ya motsi

Da safe, cikin haske mai kyau, ka kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, 'yar tsana tana nesa da mita 10 zuwa 15. Ka jingina rula a gefenta a karkace, ta yadda wata lamba da ka zaɓa za ta yi daidai da layin idon. Buɗe ƙofar haske har ƙarshe, shota 1/1000, akwatin fokos ɗaya ƙarami a kan ido, na'urar hana girgiza a kashe.

Hoton farko da hannu za ka yi fokos ɗinsa, ka zuƙo hoton a allo iya zuƙowa har gashin gefen ido ya rabu ɗaya-ɗaya. Wannan shi ne ma'auninka, iyakar abin da lensin zai iya. Sai ka ɗauki goma da otofokos, wato fokos ɗin da kyamara ke yi da kanta. Kafin kowane ɗaya ka murza zoben fokos ka ɓata shi: biyar ka ɓata zuwa kusa, biyar zuwa nesa.

A kwamfuta, tara cikin goma su yi daidai da ma'aunin. Idan duka sun karkata gefe guda, lambar da ta fito tar a rula kullum tana gaba da ido ko bayansa, kyamara mai madubi, wato DSLR, tana da wurin gyara wannan a cikin saitunanta, daga -20 zuwa +20. Marar madubi a kan sensar kanta, wato farantin da ke ɗaukar hoto a ciki, take auna fokos, don haka ba kasafai take karkata ba. Idan ta yi, ka fara zargin lensi ko abin da ya haɗa shi da kyamara.

Kuskuren da ya fi yawa a nan kawalwalniya ce. Ƙasa ko kwalta ta ɗauki zafi, iskar da ke samanta tana rawa, dogon lensi ya tattaro rawar duka ya zuba a hoto. Alamarta ita ce babu wuri ko ɗaya a rular da ya fito tar, kuma hotuna biyu a jere ba sa kama da juna. Haka ma idan ka leƙo lensi ta tagar mota mai sanyi zuwa waje mai zafi, ko ta saman injin da bai huce ba. Kyamarori da yawa an mayar da su kanti a kan laifin iska.

Mataki na 3: Gane dabba da kama ido

Tun daga Canon EOS R5 a 2020, da Sony a1 da Nikon Z9 a 2021, gane idon tsuntsu ya zama abin da ake tsammani a kowace kyamara ta wannan aji. Amma ganewar ba ta tashi ɗaya ba. Kada ka dogara da 'yar tsana a nan, wata kyamarar za ta gane ta, wata ba za ta kula ta ba. Nemi mai rai: kyanwa, kare, kaji, tattabaru, agwagi a bakin ruwa.

Ka fara kusa, inda dabbar ta cika rabin hoto, ka riƙa ja da baya taku biyar-biyar. Za ka ga akwatin ya tashi daga ido ya koma kai, daga kai ya koma jiki, daga nan ya saki gaba ɗaya. Rubuta girman dabbar a hoto a kowane sauyi: rabi, kashi ɗaya cikin huɗu, cikin goma.

Daga nan sai ka wahalar da ita da gangan, domin a daji babu dabbar da za ta tsaya maka a fili:

- dabba a bayan dogayen ciyayi ko siraran rassa;
- rana tana bayan dabbar, fuskarta a inuwa;
- baƙin tsuntsu a kan baƙin reshe, inda ido da gashi launinsu ɗaya;
- mai ɗige-ɗige kamar zabo, ko mai farin tabo a bayan kunne, wanda kyamara kan ɗauka ido ne;
- tsuntsu a kan ruwa, inda inuwarsa ke ƙasa da shi;
- garke, ka ga ko za ta tsaya a kan wadda ka zaɓa ko za ta yi ta tsalle.

Ciyawa ce babbar jarrabawa. Idan fokos ya maƙale a kan ganyen da ke gaba, ka lura ko kyamara za ta farga da kanta ko sai ka taimake ta. Wadda ba ta fargawa ba lallai ba ne a ƙi ta, amma dole ka ware maɓalli guda, misali AF-ON, ya zama akwati ɗaya ƙarami marar gane dabba, don ka ratsa ciyawar da shi sannan ka mayar mata da aikin. Ka gwada sau nawa wannan ceto yake ci.

Mataki na 4: Bin abin da ke gudu

A nan ne aikin yake. Lensin milimita 600 a f/4, a nisan mita 10, wurin da ke fitowa tar bai wuce santimita 7 ba daga gaba zuwa baya. Mai keken da ke tafe da gudun kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a daƙiƙa. Idan kana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto ya matso da kusan santimita 28, ninki huɗu na wurin da ke fitowa tar. Ashe kyamara ba bin sa kawai take yi ba, hasashen inda zai kasance take yi kafin ya iso. Wannan hasashen kake gwadawa.

Saiti: shota 1/2000, ƙofa a buɗe, ISO ya zaɓi kansa, ɗauka a jere a mafi sauri. Mai keke ya taso daga mita 60 ya nufo ka kai tsaye, ya kauce a mita biyar. An zaɓi keke ne don ana iya maimaita shi da gudu ɗaya. Kare ya fi kama da abin da za ka haɗu da shi, amma ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu. Ka yi biyar da kowanne. Ga mai keke ka mayar da ganewa kan mutum, ga kare ka mayar kan dabba.

A kwamfuta ka buɗe kowane hoto a cikakken girmansa, ka jefa shi ɗaya daga kashi uku: ido tar, ya ɗan kauce amma zai yi amfani, ya lalace. Ka ƙirga, kada ka kimanta da ido, domin zuciya tana tuna hoto ɗaya mai kyau ta manta da ashirin da suka zube. Cikin hasken rana, a kan abin da ke tahowa da gudu ɗaya, idan kashin farko bai kai takwas cikin goma ba akwai abin bincike.

Inda suka lalace ya fi yawansu muhimmanci. Idan a mitoci goma na ƙarshe ne kawai, injin lensi ne ya gaza, domin kusa-kusa gilashin ciki yana bukatar tafiya mai nisa a kan ɗan ƙaramin sauyi. Idan biyu sun yi kyau, ɗaya ya zube, biyu sun yi kyau, hasashen ne ke tangal-tangal. Idan hanci ko ƙirjin kare ne ke fitowa tar maimakon ido, ka duba manhaja: akwatin yana kan ido amma fokos yana wani wuri, ko kuwa akwatin ne ya zame? Na farko jinkiri ne, na biyu matsalar ganewa.

Sai gwajin shamaki. Mai keke ya gitta ta bayan turke ko bishiya kana bin sa. Kyamara ta riƙe shi har ya fito, ko ta kama bishiyar? Akwai saitin da ke sarrafa wannan, kuma a kula, lambobin kamfanoni sun saɓa: a Nikon 5 ita ce mai riƙewa, 1 mai saurin saki, a Sony 1 ce mai riƙewa, 5 mai saurin saki. Ka gwada ƙarshe da ƙarshe kafin ka zauna a tsakiya. Mai riƙewa ta fi kyau a kurmi, sai dai idan ta kama abin da ba shi ba, shi ma haka za ta riƙe shi.

Tsuntsu a sararin sama abu ne mai sauƙi, kowace kyamara ta zamani za ta iya. Jira tattabara ta sauko ta gitta gaban bishiyoyi ko gini, nan za ka ga ko fokos zai tsere baya. Ka kuma gwada kamun farko: ka ajiye fokos a mita biyar, ka ɗaga zuwa tsuntsun da ke mita arba'in. Idan lensi ya tsaya lalube, matsa makunnin taƙaita nisa ka sake. Sau da yawa wannan kaɗai yana magance abin.

Abu biyu za ka duba kafin ka tashi daga nan. Na ɗaya, shota ta lantarki marar ƙara. Sensa tana karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Idan karatun yana da jinkiri, fiffiken tsuntsu zai lanƙwashe, turakun da ke baya su karkace yayin da kake juya kyamara. Ka juya da sauri a gaban dogayen turaku ka gani. Masu sensa mai saurin karatu, irin Z9 da a1, da ƙyar ake ganin haka a cikinsu, har Nikon ta cire shota ta ƙarfe daga Z9 ɗungurungum. Idan taka tana karkatarwa, ka bar marar ƙara ga dabbar da ke zaune. Na biyu, ka danne maɓalli a RAW har saurin ya faɗi, ka ƙirga daƙiƙa nawa ta jure, da daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta gama zuba wa kati.

Mataki na 5: Fokos yayin da duhu ke shigowa

An rubuta cewa fokos ɗin EOS R5 yana aiki har EV -6. Gaskiya ne, amma da lensin f/1.2 aka auna, a kan abin da ba ya motsi. Lensin f/5.6 yana shigar da haske ƙasa da wannan da kusan hawa huɗu da rabi, sai -6 ta koma wajen -1.5. Ƙara telekonbata, wato gilashin da ake sawa tsakanin lensi da kyamara don ƙara zuƙowa, mai ninki 1.4 ka rasa hawa ɗaya, mai ninki biyu ka rasa biyu. Sauran kamfanoni ma haka suke yi, kowa da lensin da ya auna, shi ya sa ba a kwatanta lambar wannan da ta wancan kai tsaye.

Ko -1.5 ɗin ma ba a nan gizo ke saƙa ba. A EV 4, da f/5.6 da 1/500, ISO 102400 kake bukata. Wato tun kafin fokos ya daina gani, hoton dabba mai motsi ya riga ya gagara. Fagen da ya shafe ka yana tsakanin EV 9 da EV 5, kuma tambayar ita ce ko tana bin motsi a nan.

Ka kafa rabin awa kafin faɗuwar rana. Duk minti biyar ka yi abu uku: ka rubuta lokaci da EV, ka ɓata fokos ka kama idon 'yar tsana sau biyar, kana lura da wanda ya kama nan take, wanda ya yi kai-komo, da wanda ya kasa, sannan mai taimakonka ya tako zuwa gare ka da tafiyar ƙafa, ko ya jawo kare, ka ɗauka a jere. Bayan faɗuwar rana haske yana zubewa da sauri, kusa da tsakiyar duniya cikin minti ashirin da 'yan kai an gama, can arewa ko kudu mai nisa ya fi jimawa. Kada ka tsaya duba hotuna a allo, lokaci zai wuce ka.

Iyaka uku za ka fitar: EV ɗin da gane ido ya daina aiki, wanda bin motsi ya faɗi ƙasa da rabi, da wanda akwati ɗaya ma ya kasa kama abin da ke tsaye. Kusan kullum a wannan jerin suke zuwa.

Idan ta fara lalube, gwada waɗannan ɗaya bayan ɗaya ka rubuta wanda ya taimaka. Faɗaɗa akwatin, domin ƙarami ba ya samun isasshen bambancin haske da duhu. Nemi gefen da baƙi ya haɗu da fari, kamar bakin kunne. Yawancin marasa madubi layin tsaye suke gani, layin kwance yana ruɗa su, don haka tsuntsu a kan waya ko kwantaccen reshe yakan ba su wuya. Karkata kyamara kaɗan, ta kama, ka miƙe ta. Sannan wasu kyamarori suna yin fokos da hoton da kake gani a maleƙa, idan ka saita hoto ya yi duhu fokos ma ya raunana. Ɗaga ISO ko kashe saitin da ke nuna a maleƙa yadda hasken hoton zai fito, ka ga bambanci. Wasu kuma suna fokos a ƙofar da ka zaɓa, f/11 ta shaƙe su inda f/5.6 ba ta yi ba.

Wanda bai samu fita da yamma ba zai iya yi a dogon ɗaki da labule, yana rage hasken taga kaɗan-kaɗan. A guji fitilar LED ko doguwar farar fitila, suna ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, su zana ratsi a hoto ka ɗauka laifin sensa ne.

Mataki na 6: Tsanin ISO

Kada a yi wannan da rana. ISO 12800 cikin haske mai kyau yana yaudara. A inuwa mai launin toka, inda babu bambanci sosai, nan yashi ke fitowa, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto idan ISO ya yi sama. Yammaci na biyu, a wajen EV 7 ko 8, ko a ɗaki mai haske tsayayye, ka jera 'yar tsana da gashin tsuntsu baƙi da fari, da wani abu ja da kore, bayansu da duhu. Kyamara a kan mai ƙafa uku, fokos da hannu, ƙofa ɗaya ba canji. Fara daga ISO 400, kana ninkawa kana ninka saurin shota, har 51200. Ka yi sauri don kada hasken ya sauya.

Sai ka maimaita a 1600 da 6400 amma ka rage haske da hawa biyu da gangan, ka ɗaga shi a kwamfuta. Haka ke faruwa idan baƙar dabba ta shiga inuwa alhali sama tana da haske. Ka duba ko inuwar ta koma shunayya ko kore, ko ratsi ya bayyana. Idan za ka riƙa amfani da shota marar ƙara, yi wannan da ita ma, domin wasu kyamarori suna sauka daga bit 14 zuwa 12 a wannan yanayi, wato suna rage bayanin haske da suke ajiyewa, inuwa ce ke fara nunawa.

Wajen dubawa, yashi kansa ba shi ne abin tsoro ba. Manhajojin goge shi irin DxO PureRAW da Denoise na Lightroom suna cire shi sosai. Abin da ba ya dawowa shi ne siraran zaren gashin tsuntsu idan sun narke sun zama kamar fenti, da launi idan ya kwanta. Ka wuce da hotunan ta manhajar da kake amfani da ita, sannan ka duba gefen ido da gashin baki, nan take ƙirƙiro abin da babu.

Idan kana kwatanta kyamara biyu, ka mayar da hotunan girma ɗaya tukuna, misali faɗin fiksel 4000. Mai megafiksel 45 a cikakken girma za ta fi mai 24 nuna yashi, amma da an daidaita su bambancin ya kusa ɓacewa. Kuma ka tuna yanke hoto yana ƙara fito da yashi: tsuntsun da ka yanko daga kashi ɗaya cikin huɗu na hoto a ISO 3200 zai yi kama da cikakken hoto a 12800. Don haka ka fitar da iyaka biyu, ta dabbar da ta cika hoto, da ta wadda sai an yanko.

Mataki na 7: Riƙo da hannu

Kunna hana girgiza, ka tsaya yadda kake tsayawa a daji, ka ɗauki goma-goma a 1/500, 1/250, 1/125, 1/60, 1/30. Inda bakwai suka fito tar, nan ne iyakarka da wannan lensi. Na'urar rawar hannunka kawai take gyarawa. Barewa mai tuƙa ko mujiya mai juya kai sai shota mai sauri. Amma dabbar da ta tsaya cak tana saurare, harbin hoto goma a jere a 1/60 yakan ba da biyu ko uku masu kyau, a ISO ƙasa da na 1/500 da hawa uku.

Mataki na 8: Gano mai laifi, da zuba sakamako cikin kyamara

Kafin ka yanke wa kyamara hukunci, ka karanta hoton da ya lalace. Idan wani abu a gaba ko a baya ya fito tar, fokos ne ya kauce. Idan komai ya ja gefe guda har da bango, hannunka ne. Idan reshe ya fito tar, tsuntsun da ke kansa bai fito ba, shota ce ta yi jinkiri. Idan babu abin da ya fito kuma gefuna suna kamar narkewa, iska ce. Na farkon kaɗai ake ƙirga wa otofokos.

Abin da ke sa a mayar da kaya shi ne wanda ya maimaita kansa a kan mai ƙafa uku cikin haske mai kyau: fokos mai karkata gefe guda a marar madubi da lensi fiye da ɗaya, kusurwa ɗaya ta hoto kullum dishi-dishi, kyamara ta daskare tsakiyar ɗauka da katin da kamfani ya amince da shi, ko jan ɗigo da ya ƙi ɓacewa bayan ka sa ta gyara matattun fiksel daga saitunanta.

Idan ta tsallake, ka zuba lambobin littafinka a gurbin ajiyar saituna, C1 zuwa C3 a Canon, U1 zuwa U3 ko bankunan saiti a Nikon, 1 zuwa 3 a Sony. Na ɗaya na tsuntsu mai tashi: 1/2500, faffaɗan akwati, gane tsuntsu, ISO mai zaɓar kansa da rufi a iyakarka ta sama. Na biyu na dabba mai tafiya cikin ciyawa: 1/800, matsakaicin akwati, riƙo mai ƙarfi. Na uku na almuru: shotar da ka samu a mataki na 7, akwatin da ya fi jurewa a mataki na 5, ɗauka a jere a matsakaicin sauri don fokos ya samu sararin aunawa tsakanin hoto da hoto. Duk lokacin da aka fitar da sabuwar manhaja, ko ka sauya lensi, mataki na 4 da na 5 ne za ka sake.